Yawan Tunani Ciwo Ne, Yana da Magani

Mutanen Damargu sun san ɗacin fari. Sun sha shi a 1973 da 1984, suka sake shan shi a 2005. Gero ya kan dawo rumbu idan damina ta yi albarka, amma akwai abin da fari ke bari a zuciya: manomi a Tanut ko makiyayi a Balbeji ya kwana bai runtsa ba, yana juya zancen bashi da bisashen da suka mutu, har ya kasa cin abinci, ya kasa aiki. Mu kan ce yawan tunani ne. Likitoci sun ce ciwo ne.

Wani masani na jami'ar Mancesta a Ingila, Adrian Wells, ya daɗe yana binciken wannan al'amari. Abin da ya gano shi ne mugun tunani yana zo wa kowa, ya wuce. Wanda ke kamuwa da ciwo shi ne mai riƙe shi yana tuƙawa dare da rana, domin ya yarda cewa damuwa na tsare shi daga masifa, ko kuwa ba ya da ikon tsai da ita. Maganin shi ne a koya masa ya bar tunanin ya wuce, ya ajiye damuwa sai wani ɗan lokaci da ya keɓe mata, ya kuma horar da hankalinsa ta sauraron sautuka dabam-dabam. Zama 8 zuwa 12 kan isa.

An gwada. A Norwe, a 2018, masu ciwon fargaba 65 cikin 100 sun warke ta wannan hanya, alhali 38 ne ta tsohuwar hanyar magani da magana. A Danmak, a 2020, masu ciwon baƙin ciki 74 cikin 100 ne suka warke, a ɗaya ɓangaren 52.

Waɗannan gwaje-gwaje a Turai aka yi su. Saboda haka muna kira ga hukumomin lafiya da jami'ar Damagaram su juya wannan dabara cikin Hausa, su gwada ta a Damargu, sa'an nan su horar da ma'aikatan asibitocin karkara, tun da ba ta bukatar ƙwaya ko na'ura.

Ku kuma da kuka ci nasarar yaƙi da jahilci, ku karanta wa ƴan'uwa wannan. Wanda tunani ya hana wa barci ba rago ba ne, ba mahaukaci ba ne. Ku raka shi asibiti.