Allura Ɗaya ko Biyu: Wacce Ta Fi Dacewa da Yatsan Mai Rauni?

Duk wanda ya san Ƙofar Marusa ya san cewa, kamar sauran unguwannin Katsina, akasarin jama'arta da hannu suke neman abinci. Kafinta da mahauci da tela da mai walda ba sa rabuwa da yanka ko fashewar farce, ga kuma karkare. Sau da yawa irin wannan ciwo sai an ɗinke ko an tsaga, kuma ba a yin haka sai an kashe zafin yatsan da allura, galibi da ruwan lidokin, wanda Nils Löfgren ya haɗa a ƙasar Suwidin a 1943.

Kowane yatsa yana da jijiyoyin ji guda huɗu, biyu ta ciki, biyu ta baya. Tsohuwar hanya, wadda ake dangantawa da likitan Jamus Oberst tun ƙarshen ƙarni na 19, ita ce a soka allura ta bayan gindin yatsa sau biyu, dama da hagu. A 1990 Chiu ya bayyana wata hanya a Amurka, inda ake zuba maganin sau ɗaya cikin kuben jijiyar da ke lanƙwasa yatsa, sai dai wurin yakan yi tsami bayan an gama. A 1991 kuma Harbison ya kawo ta uku: suka ɗaya rak a ƙarƙashin fata, daidai layin da yatsa ya haɗu da tafin hannu, da magani kimanin mililita 2 zuwa 3.

A haƙiƙa wannan ta ukun ce ta cancanci zama zaɓin farko a ƙananan asibitoci. Koyonta ya fi sauƙi, kuma gwaje-gwajen da aka yi sun nuna tana kashe zafin kan yatsa da farce kamar tsohuwar. Bugu da ƙari, ba kowa ne zai sha suka ta farko ya miƙa hannu don ta biyu ba, balle yaro ƙarami. Tsoron allura yana cikin abin da ke sa mutum ya zauna da ciwo a gida har ya ruɓe, a ƙarshe yatsa ya sandare ko a yanke shi, sana'a ta tafi.

Amma kuma tsohuwar hanya tana da ranarta. Allura ɗaya ba ta cika kama bayan gindin yatsa ba, saboda haka in raunin can yake, biyun ne daidai. Haka nan ba a soka allura a wurin da ya riga ya yi mugunya.

Kowace aka ɗauka, wajibi ne ma'aikaci ya jira minti biyar zuwa goma, ya taɓa kan yatsan ya tambayi mai ciwo ko yana ji, kafin ya ɗauki wuƙa. Ya kuma gaya masa da Hausa tun farko sau nawa za a soke shi da dalili, domin wanda aka yi wa bayani ya fi haƙuri.