An bar jaki ana dukan taiki a Birtaniya, kuma mu ne taikin



Duk lokacin da aka kawo zancen siyasar Birtaniya a nan, sai an samu mai cewa ina ruwanmu, namu ma ya ishe mu. Gaskiya ne namu ya ishe mu. To amma wannan karon ba mu muka je muka tsoma baki ba. Sunanmu aka ambata, kuma a kan 'yan uwanmu ake gwada kaifin wuƙa. Wanda aka kira sunansa a tsakiyar kasuwa kuwa dole ya waiwaya.

Bari mu faro daga tushe. Daga 2016 zuwa 2024, jam'iyyar Conservative ita kaɗai ta yi firaiminista biyar. David Cameron ya ajiye aiki bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai. Theresa May da Boris Johnson 'yan jam'iyyarsu ne suka tasa su gaba har suka sauka. Liz Truss ko kwana hamsin ba ta cika ba. Rishi Sunak ne kaɗai talakawa suka kora da ƙuri'a, a zaɓen 4 ga Yulin 2024, inda jam'iyyar ta tsira da kujeru 121 kacal, kayen da ba ta taɓa shan irinsa ba. Kusan kowannensu ya yi alkawari iri ɗaya, cewa zai rage shigowar baƙi. Me ya faru? A hannunsu ne yawan masu shiga, bayan an cire masu fita, ya haura 900,000 a shekara guda, wajajen 2023. Ba a taɓa ganin haka ba a tarihin ƙasar.

Ku lura da kyau, waɗannan mutane ba ta taga suka shiga ba. Masu tsallaka teku a ƙananan jiragen ruwa daga Faransa, waɗanda ake ta nunawa a talabijin dare da rana, kimanin 37,000 ne a 2024. Mafi rinjaye biza aka ba su, da hatimin gwamnati, bayan sun biya kuɗi masu kauri. Bayan ficewa daga Turai da annobar korona, gidajen kula da tsofaffi sun rasa ma'aikata, sai gwamnati ta buɗe bizar wannan aiki a Fabrairun 2022. Jami'o'i sun rasa kuɗi, sai aka bazama neman ɗaliban waje masu biyan ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya. 'Yan Najeriya suka amsa kira. Suka je suna wanke tsofaffin da 'ya'yansu ba su da lokacin wankewa, suna kwana a tsaye. Da ƙuri'a ta fara zamewa, sai wanda ya aika goron gayyata ya tashi yana ihu wai baƙi sun cika masa gida. A Janairun 2024 aka hana yawancin ɗalibai zuwa da iyalansu. A Maris aka hana masu kula da tsofaffi zuwa da nasu. A Yulin 2025, gwamnatin Labour ta rufe ɗaukar masu wannan aiki daga waje ɗungurungum.

Ba za mu yi ƙarya ba, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Talakan Ingila da ke jiran layin asibiti wata da watanni, ko wanda haya ta cinye masa rabin albashi, yana da hujjar yin fushi. Kuma kowace ƙasa na da ikon cewa ga wanda zai shigo, ga wanda ba zai shigo ba. Ba mu ja da wannan. Abin da muke ja da shi shi ne rainin wayo. Wa ya ƙi gina gidaje shekara da shekaru? Wa ya bar takardun masu neman mafaka suka taru ba a duba ba, har aka koma ajiye mutane a otal-otal da kuɗin gwamnati, alhali doka ta hana yawancinsu yin aiki? Wa ya ɓullo da shirin kai su Rwanda, Kotun Ƙoli ta ce haramun ne a Nuwamban 2023, aka ƙi ji, har gwamnatin da ta gada ta ce an narkar da fam miliyan 700 kuma mutum huɗu kawai suka tafi, su ma don raɗin kansu? Baƙo ne ya yi wannan?

Sai aka ga abin da irin wannan waƙa ke haifarwa. Ranar 29 ga Yulin 2024 wani matashi ya kashe yara mata uku a garin Southport. Kafin gari ya waye an cika intanet da cewa Musulmi ne, mai neman mafaka ne, a jirgin ruwa ya shigo. Ƙarya ce. A Cardiff aka haife shi. Amma washegari an riga an far wa masallacin garin, cikin 'yan kwanaki kuma wasu suka yi yunƙurin cinna wa otal wuta a Rotherham da mutane a ciki. Mu da muka yi zaman makokin mafarauta goma sha shida da aka ƙone a Uromi a Maris ɗin 2025 saboda wani ya ce masu garkuwa ne, ba sai an yi mana fassarar wannan ba. Mun san saurin jita-jita, mun san nawar gaskiya.

Yanzu ga inda sunanmu ya shigo. Ranar 2 ga Nuwamban 2024 Kemi Badenoch ta zama shugabar Conservative. Ku tuna murnar da aka yi a shafukan sada zumunta, har da wasu 'yan wannan zauren, ana ta "'yarmu ta ci". Ba a yi wata biyu ba ta shaida wa mujallar Spectator cewa ita Bayarabiya ce, ba abin da ya haɗa ta da mutanen arewacin Najeriya, ta haɗa mu da Boko Haram a numfashi guda, ta kuma kira mu abokan gabar ƙabilarta. Mu da Boko Haram ta fi kashewa, mu da aka ƙona wa kasuwanni da masallatai da makarantu, mu aka mayar Boko Haram ɗin. Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ma, kan yadda take aibata Najeriya, ya ce in ta ga dama ta cire Kemi daga sunanta.

Wasu sun ɗauki maganar a matsayin faɗan Hausa da Yarbawa, suka shiga zagin Yarbawa. Nan suka faɗa tarko. Ba da mu take magana ba, ba kuma da mutanen Ibadan ba. Da masu zaɓenta take magana, waɗanda Nigel Farage ke janyewa kullum. Tana ce musu ne: kada ku ga fatata ku tsorata, ni ma waɗanda kuke tsoro su nake tsoro. Da mu ta biya kuɗin kujera. Kuma abin dariya, ita kanta ta zama 'yar ƙasa ne don an haife ta a Landan a 1980, kafin a sauya dokar da ke bai wa duk wanda aka haifa a can takardar ƙasa. A Legas ta girma, tana da shekara sha shida ta koma. Ta hau tsani, ta juyo tana sare shi.

Kada kuma a ce ai Labour ta fi tausayi. Keir Starmer ya samu kujeru fiye da 400, amma da ƙuri'ar da ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba sai kaɗan. Jam'iyyar Reform ta Farage kujera biyar ta samu duk da ƙuri'a sama da miliyan huɗu. A Mayun 2025 Reform ta kwashe ƙananan hukumomi goma, ta kuma ƙwace kujerar Runcorn daga Labour da ratar ƙuri'a shida. Ba a yi mako biyu ba Starmer ya fito yana gargaɗin cewa ƙasar na neman zama tsibirin da mutane ba su san juna ba. Daga baya ya ce ya yi nadamar kalmar. Kalmar ya janye, matakan suna nan, ciki har da shirin mayar da jiran takardar zaman dindindin daga shekara biyar zuwa goma. A Satumba mataimakiyarsa Angela Rayner ta yi murabus kan harajin gida, aka shiga raɗe-raɗin magajin garin Manchester, Andy Burnham, na hangen kujerarsa, mutum fiye da 100,000 suka bi Tommy Robinson zanga-zanga a Landan, Farage kuma ya ce in ya hau zai soke takardar zaman dindindin ɗin gaba ɗaya, har ga masu riƙe da ita. Duk wanda kujerarsa ta yi rawa, sai ya ƙara wa baƙo bulala ɗaya, ya waiga ya ga ko an tafa.

Mu ma fa hannunmu ba wanke yake ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, kakanninmu na zango na cikin waɗanda suka kwaso tabarma. A 1983, tattalin arziki ya karye, zaɓe na tafe, gwamnatin Shagari ta kori baƙi wajen miliyan biyu, kusan rabinsu 'yan Gana. Jakar da suka zuba kayansu har yau da sunansu muke kiran ta, muna dariya. An kore su, shinkafa ba ta sauka ba, kuma kafin shekarar ta ƙare sojoji suka kifar da gwamnatin.

Abin da ya fi damunmu yau shi ne dillalan biza da har yanzu ke yawo a WhatsApp suna tallar takardar aikin kula da tsofaffi a kan miliyoyin naira, aikin da aka riga aka rufe ƙofarsa. Akwai gidajen da ake shawarar sayar da filin gado saboda wannan. Duk wanda ya san irin gidan, ya je ya same su kafin a sa hannu.