Mena a riga, babu mena a daji

Ranar wasa ina filin Seyni Kunce ina ihun "Mena!" har murya ta dushe. Da na tambayi abokaina mece ce mena, wani ya ce sunan tsohon ɗan wasa ne. Haba! Barewar Sahara ce, fara da ja, mai dogon wuya. Da sunanta muka je Kofin Afirka a 2012 da 2013. Yau ƴan kaɗan suka rage a Tarmit da Ayar, don mafarauta masu mota da bindiga sun kusa ƙarar da ita. An kafa gandun Tarmit a 2012, amma takarda ba ta tare harsashi. In muka yi shiru ta ɓace, wallahi mu cire hotonta daga riga, ba mu cancance shi ba.