GANI YA KORI JI, AMMA WANE GANI?

Hausawa na cewa gani ya kori ji. To amma tun shekarar 1800, lokacin da William Herschel ya gano cewa akwai wani haske a bayan launin ja wanda idon ɗan Adam ba ya kamawa, ya kamata a ce mun fara yi wa wannan karin magana tambayoyi. Idonmu yana ganin hasken da ke tsakanin nanomita 400 zuwa 700 ne kawai. Abin da ya zarce haka shi ne masana kimiyya ke kira infared, mu kuwa a nan za mu kira shi hasken bayan-ja.

A cikin kusan kowace kyamarar zamani akwai wani ɗan gilashi da ke aikin rariya, yana tare wannan haske. Idan aka cire shi, kyamara sai ta zama mai buɗaɗɗen ido, tana ɗaukar na bayyane da na ɓoye. Idan kuma aka ɗora mata wata rariyar, alal misali ta nanomita 720, sai ganyen bishiya ya fito fari fat, sama ta yi duhu. Dalili shi ne lafiyayyen ganye yana mayar da hasken bayan-ja da ƙarfi, wanda ya fara galabaita kuwa sai ƙarfin ya ragu.

Rigimarmu ba da na'urar ba ce, da abin da aka mayar da ita ne. Daga 2010 Richard Mosse, ɗan ƙasar Ayilan, ya shiga gabashin Kwango da fim ɗin Kodak Aerochrome, wanda asalinsa don sojoji aka ƙirƙiro irinsa, su gano maƙiyan da suka ɓuya da launin ganye. Daji ya fito ruwan hoda, mayaƙa riƙe da bindigogi kamar a lambun furanni. A 2013 aka baje aikin a Banis ta Italiya, aka yi ta tafi. Masu kare shi sun ce kyan hoton ne ya jawo hankalin duniya ga yaƙin da aka manta. Mun ji. Sai dai muna tambaya: mai kallo da ya fita daga zauren, launin ya tuna ko marayun?

Muna wannan magana ne tun kafin yayin ya iso Kudancin Kaduna, domin tun ran gini ran zane. Wannan yanki ya gaji da kyamarar da ba ta zuwa sai an ga hayaƙi: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, sannan rikicin bayan zaɓen 2011. Ba mu yarda gobe wani ya zo ya shafa wa kufan gidajenmu jan-baki, ya kai kasuwar waje da sunan fasaha ba.

Za a ce mu malaman adabi ne, me ya haɗa mu da ƙin ƙawa? Ba mu ƙi ta ba. Mai son ɗaukar duwatsun Kagoro ko ruwan Matsirga cikin farin ganye, bismilla. Amma akwai aikin da ya fi wannan gaggawa. A daminar 2023 annoba ta faɗa wa citta a Kachiya da Jaba da Kagarko da Jama'a, manoma suna kallo gonakinsu suka ruɓe, kuɗin makaranta da na aure suka bi ruwa. Masana aikin gona kuwa tun shekarun 1970 suke auna lafiyar tsirrai da wannan haske, suna kwatanta shi da jan da ganye ke shanyewa. Kyamara ba magani ba ce, amma tana iya nuna inda ganye ya fara rauni, a kai ɗauki da wuri.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu, da Jami'ar Jihar Kaduna reshen Kafanchan, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru: a samo tsofaffin kyamarori, a cire musu rariya, a shiga gonakin citta a gwada. Idan har an ba mu idon da ke ganin ɓoye, to mu fara duba abin da ke cin abincinmu.