A Rage Bikin Suna, A Hutar da Mai Jego

Jama'ar zango, mu gaya wa kanmu gaskiya. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12 da cikakken albashi. To, mai koko da ƙosai a Nima ko Kumasi, wa ya ba ta hutu? Ranar da ba ta hura wuta ba, gidanta bai ci ba. Dole ta koma bakin kasko tun jikinta ɗanye. Mu kuwa muna cin bashi domin atamfar yayi, makaɗa da rumfuna. Yanka rago sunna ne. Almubazzaranci haramun ne. Mu karkatar da kuɗin nan ga cefanen kwana arba'in. Sarakuna da limamai, a fara daga gidajenmu.