Rezo ya faɗi, wa zai sanar da mu?

Bara intanet ɗin makarantarmu ta yanke ranar Juma'a. Ba mu sani ba sai Litinin, da ƴan ajin BEPC suka shiga ɗakin kwamfuta. Darasi ya tafi a banza.

Alhali akwai manhajojin sa ido kan rezo, irin su Zabbix, kyauta. Mai kula da na'urori zai shiga shafin manhajar, ya zaɓi matsalolin da za a sanar da shi. Ya haɗa da SMS, domin in intanet ta yanke, imel ba ya fita.

A ganina, a saka darakta da wakilin iyaye cikin masu karɓar saƙon, tunda kuɗin iyaye ne. Amma manyan matsaloli kawai: saƙo in ya yi yawa, ba mai karantawa.