Katakon Bahiya a Ɗakunan Sikotlan: Giɓin da ke Cikin Takardun Bayani

Daga 1811 zuwa 1820 Yarima George ne ya riƙe sarautar Birtaniya a madadin mahaifinsa, George na III, wanda taɓin hankali ya hana shi mulki. Da sunan wannan riƙo ake kiran salon kayan ɗakin da attajiran Ingila da Sikotlan suka ƙawata gidajensu na karkara da shi: kujeru masu lanƙwasassun ƙafafu, da tebura masu adon tagulla da dagin zaki, waɗanda aka kwaikwayo daga tsohuwar Girka da Rum da Masar. Littafin Thomas Hope na 1807 na daga cikin abubuwan da suka yaɗa salon.

A yau takardun bayani na gidajen tarihi da na 'yan gwanjo sukan ambaci kafintan da ya yi kaya, da mai gidan da ya saya, da shekarar yi. Katakon kuwa, sunansa kawai akan kawo. Wannan giɓi ne da ya kamata a cike.

Gidan Paxton da ke kan iyakar Sikotlan da Ingila ya isa misali. Ninian Home, wanda ya mallaki gidan, yana da gonaki da bayi a tsibirin Girenada, kuma a can aka kashe shi a tawayen da ya ɓarke a 1795. Ɗan'uwansa George Home ya ƙara wa gidan zauren zane-zane, sannan William Trotter na Edinbura ya yi masa kayan ɗaki da katakon rozwud a wajejen 1814.

Wannan katako mai duhu ya wadata a Birtaniya ne bayan da aka buɗe tashoshin jiragen ruwan Brazil ga 'yan kasuwar waje a 1808, kuma dazuzzukan Bahiya na cikin wuraren da itacen yake fitowa. A nan ne batun ya shafi manazartan Hausa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804 sun jefa Hausawa da yawa cikin bauta, aka ƙetare teku da su zuwa Bahiya. Su ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807 a birnin Salbado, kuma su ne kan gaba a boren 1814. Ke nan ƙasar da ta fitar da katakon, a waɗannan shekarun, ƙasa ce da gumin bayi yake riƙe da ita, da Hausawa a cikinsu.

Akwai masu ganin cewa kujera ba ta da laifi, kuma gwanintar Trotter ba ta ragu ba don an san asalin katakonsa. Gaskiya ne. Ba wanda ya ce a kwashe kayan daga zaure. Abin da ake nema shi ne bayanin ya cika, kamar yadda mai nazarin rubutun ajami ba ya tsayawa ga marubuci sai ya binciki takardar da alamar masana'antarta.

An fara ɗaukar hanya. A 2020 hukumar National Trust ta fitar da rahoto a kan wurare 93 masu alaƙa da bauta da mulkin mallaka, kuma gidan Paxton yana bayyana wa maziyarta tarihinsa na Girenada. Sai dai an fi mayar da hankali ga kuɗin masu gida fiye da katakon kansa. Wannan fage ne da sassan Hausa da na Tarihi za su iya shiga, ta hanyar haɗa kundayen tashar Salbado da littattafan cinikin kafintocin Birtaniya.